Na fito takaba, na ɓace a hanyar gonarmu

Inna Ɗelu, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Maigidana Illo ya rasu ana girbin gero. Na shiga takaba, ina jin ƙugin kamiyo, manyan motocin kaya, daga ɗaka, ana cewa kasuwa ta buɗe, kuɗi sun shigo gari. Ban kula ba. Ranar da na fito, na ce bari in je gonarmu ta bakin hanya in zauna ƙarƙashin gawon da yake hutawa. Wallahi sai da na ɓace. Maƙwabta duk sun sayar, an gina ɗakunan ajiyar kaya, mangaza ta nan, mangaza ta can. Wani baƙo ne ya nuna mini gonar da na yi shekaru ina kai fura. Har an fara zuba shara a gefenta.

Yanzu ɗana Hamisu ya matsa a sayar ya sayi mota. Ya ce in na ƙi, Najeriya zai tafi. Masu saye kuma da gaisuwar mutuwa suke fakewa, kafin su shafa fatiha sun tambayi fili. Sai ka ce mutuwar maigidana suke jira. Ni ba na son kuɗin, amma Hamisu kaɗai ne namijin da ya rage mini.

Mai kewa, Madarumfa

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan Malam Illo, ya ba ki dangana.

Ɓacin ranki yana kan hanya, mai cinikin fili a zaman makoki ya yi rashin kunya. Amma Hamisu ma bai yi hauka ba. Gonar da gine-gine suka kewaye ba ta daɗewa tana gona, yana tsoron tsaransa su wuce shi.

Kada ki sa hannu a komai yanzu. A fara kiran malami a raba gado, kowa ya san nasa. Sannan ki nemi kasonki ya faɗo wajen gawon, ki sa a yi masa iyaka da takarda a meri, ofishin magajin gari. In Hamisu zai sayar da nasa, ya nemi shawarar manya, ya rage abin sayen wata gona wajen garin Safo, don kasuwar da ta zo da gudu tana iya komawa haka.

Kafin nan ki kai shi gindin gawon, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini. Ina zaton ƙin yardarki kawai ya ji, bai ji dalili ba. Allah ya bar miki inuwar, ya bar miki ɗan a gida.

Inna Ɗelu