Sunan da Goggo Ta Faɗa a Kan Dakali

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya tsaya mini a rai, ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, wajen Ƙofar Gayan, ina digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa. Bincikena a kan yadda matan kulle suke samun labarin siyasa ne a shekarun 1950, lokacin da jam'iyyu suka fara shigo mana. Littattafai ba su ce komai a kan matan ba, dole sai bin tsofaffi da rikoda. Ƙa'idar sashenmu kuwa, duk wanda ka yi hira da shi sai ka jera shi a manazarta, can shafukan ƙarshe, da cikakken sunansa, shekarunsa, sana'arsa, inda aka yi hirar da ranar da aka yi ta. Sufabaizata, wato malamar da ke duba aikina, mace ce mai kirki, amma a kan wannan ba ta san wasa ba, waƙafi ɗaya ka ajiye a karkace sai ta zagaye shi da jan biro.

Cikin duk tsofaffin da na zauna da su babu kamar Goggo, ƙanwar kakana ta wajen uba, wadda ta dawo gidanmu na gado tun rasuwar mijinta. Goggo kawai muke ce mata, babba da yaro, kun dai san gidajenmu, wa zai buɗi baki ya tambayi tsohuwa sunanta na yanka? Ita ta ba ni labarin wata mai kitso da ke bin gida-gida a wancan zamani, in ta kifa kan mace a cinyarta sai ta riƙa raɗa mata abin da aka faɗa a taron siyasa na bayan ganuwa, har da waƙoƙin, ƙasa-ƙasa yadda maigida ba zai ji daga zaure ba. Ta ce har mata kan tsefe sabon kitso don kawai a aika a kira ta. Babina na huɗu kacokan a kan wannan labari ya tsaya.

Da muka gama hirar na ce, “To Goggo, yau dai asirinki zai tonu, sai kin faɗa mini sunanki na yanka, malamanmu ba sa karɓar Goggo.” Na zaci za ta kai mini duka da mafici yadda ta saba, ta ce 'yar boko marar kunya. Sai ta ajiye maficin. Can ta ce, “Wannan littafin naki, ajiye shi za a yi?” Na ce a laburare ma kuwa, har jikokina sa gani. Sai ta ce in kama ta mu fita ƙofar gida. Tsohuwar da ko tsakar gida da ƙyar take takawa! Na ɗauka hantsi take so, na riƙe ta muka ratsa zaure, rikodata tana kunne a hannuna, ta zauna a kan dakali, sannan ta faɗi sunan. Na ce sana'a fa, ta ce kitso. Na yi dariya, don Goggo ko kalba ba ta iya ba, ta ce, “Ke dai rubuta. Wurin hira kuma ki sa ƙofar gida, kada ki sa cikin gida.” Haka na rubuta.

Bayan sallar layya Allah ya yi mata rasuwa. Da yayana ya tura sanarwa a waya sai na ga wani suna daban, har na yi masa faɗa na ce ko a mutuwa ma sai ya yi shirme. Ya ce Baba ne ya ba shi. Bayan an share makoki na sami Baba na faɗa masa sunan da Goggo ta ba ni, wallahi ban taɓa ganin fuskarsa ta canza haka ba, ya waiga kamar akwai wani a bayansa, ya ce kada in ƙara maimaitawa a inda muke zaune.

Ashe sunan yayar su Goggo ne, ita ce mai kitson. Mahaifinsu malami ne, aka kai masa labarin an ga 'yarsa tana waƙa a taron jam'iyya, a lokacin kuwa macen da aka gani a irin wurin nan an gama yi mata suna. Ya tara gida ya ce duk wanda ya sake kiran sunanta a gidan nan bai yafe ba. Ta fita, ba ta sake shigowa ba, ba a jima ba ta rasu a bayan ganuwa, ko kabarinta babu wanda ya sani a cikinmu. Malam ya koma ga Allah bai janye ba. Goggo tana 'yar budurwa aka yi wannan, ta riƙe sunan nan a bakinta har ta tsufa, shi ya sa ta sa na fitar da ita, don mahaifinta “a gidan nan” ya ce.

Na kai wa sufabaizata maganar. Ta jinjina, amma ta ce ba yadda za a yi in rubuta na yi hira da matar da ta rasu tun kafin a haifi mahaifina, in mai jarrabawa daga waje ya gano, cewa zai yi na ƙirƙiri madogara, aikin duka ya rushe. Ta ce in sa sunan Goggo na gaskiya a manazarta, ita kuma mai kitson in ambace ta a cikin babin, in ce kamar yadda ƙanwarta ta ruwaito, wannan ƙa'ida ta yarda da shi. Na ji sanyi, na ce to ai irin na malamanmu ne, wane ya karɓo daga wane.

Baba ya ce ko kusa. Na ce takarda ai ba gida ba ce, ya ce in na ɗaure littafin ina zan kawo shi, ba nan ba? Ya ce in rubuta “wata mai kitso” ya wadatar, digiri ba zai ragu ba. Ba faɗa ya yi mini ba, da faɗa ne ma da sauƙi. Roƙona ya yi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce yana tsoron bakin kakansa ya bi ni, kuma shi bai taɓa ce mini bai yafe ba, kada in kai shi inda zai faɗa.

To ni kuma rikodin ɗin nan ya hana ni sakat. Duk sanda na kunna don in gyara babin, sai in ji jan ƙafarta a zaure, da ƙarar sandarta, da babur yana wucewa, sai ta ja numfashi ta faɗi sunan. Sau biyu ta faɗa, a ranar ban lura ba. Na farkon ni ta faɗa wa. Na biyun ta ja shi ne da tsawo, ta ɗaga murya, yadda ake kiran wanda ya yi nisa a lungu. Yanzu ko wucewa ta gaban dakalin nan zan yi sai in ji kamar an ba ni saƙo na tsaya da shi a hanya.

An kusa sa mini ranar difens, wato kare aikin a gaban malamai, dole in miƙa aikin. In na rubuta “wata mai kitso” na sake binne ta, kuma na ci amanar tsohuwar da ta ja ƙafa har waje saboda wannan kaɗai. In na rubuta sunan na saɓa wa mahaifina da ke raye. Malamai da ke cikin nan, furucin wanda ya rasu yana hawa kan tattaɓa-kunnen da ba ta ji shi da kunnenta ba? Rubutu kira ne? Masu bincike kuma, akwai wata hanya da ban sani ba? Don Allah ku faɗa mini abin da za ku yi in ku ne, ban da zagi. A cikin gida nake wannan rubutun, kun ga ko a nan na kasa sa sunan.