Tsinken Gora a Jakar Da-som

Daegu, 20 ga Yuli

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Jikarki Da-som za ta iso wurinki a tsibirin Jeju ran Asabar. Ki karanta wannan sau biyu, don na san halinki. Ƙwayar cutar da ke kunnenta na hagu ba ta jin magani. Kala uku aka gwada, wannan na ɗigawar shi ne na huɗu. Likita ya ce in bai ci ba, kunnen zai iya daina ji. Saboda haka ba ruwa, ba teku, ba wanke kai. In ta yi kuka, ta yi. Tausayin banza ne ke lalata yara.

'Yarki,
Gyeong-ok

Jeju, 29 ga Yuli

Uwar Da-som,

Muna lafiya, gwiwa tana nan. Kin aiko min jika kamar busasshen kifi. Wata guda ba ki wanke mata kai ba, ashe 'yan ajinsu har toshe hanci suke in ta wuce. Jiya dai ta yi dariya. Ga hoto. Ki ci abinci da kyau.

Ummanki

Daegu, 2 ga Agusta

Umma,

Gaisuwa. Gashinta a jiƙe yake a hoton nan! Don kin yi shekara hamsin kina nutso a teku kina kamo dodon koɗi, ba ki zama likita ba. Kullum sai an yi yadda kike so. Ni tarbiyya nake, ke kina rushewa. In yarinyar nan ta kurmance, ki san alhakin wa ne.

Gyeong-ok

Jeju, 7 ga Agusta

Hajiyar tarbiyya,

Sannu da faɗa. Ko yatsanta bai taɓa teku ba. Na toshe kunnen da auduga da mai, na kwantar da ita a cinyata na wanke kan. Malamar asibitinmu ta duba, ta ce ruwan da kunnen ke fitarwa ya fara tsayawa. Ta tambaya ko ana sa wani abu a ciki. Sai Da-som ta ciro tsinken gora daga jakarta, irin wanda nake sosa miki kunne da shi kina ƙarama. Wai duk daren zuwa asibiti kina ƙwaƙule mata kunne da shi, don kada likita ya ce uwarta ƙazama ce. Da shi kuma kike yi wa duk gidan. Malamar ta ce shi ke mayar da cutar cikin kunnen. Ki gaishe da mijinki.

Ummanki

Daegu, 10 ga Agusta

Umma,

Ki ƙona shi. Ki bar ta wurinki har ƙarshen hutu. Ai ke kika koya min.

A dai busar mata da gashin sosai.

'Yarki,
Gyeong-ok