Baƙar Tuta a Jirgin Mijina

Tsibirin Gabura, farkon watan Poush, lokacin hunturu

Zuwa ga yayata, Bubu Ambiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ciwon bayan nan da keken ɗinki ya jawo miki ya yi sauƙi. Mu nan muna nan. Ba zan ce lafiya lau ba, don ba na son in fara wasiƙa da ƙarya.

An ce kin yi fushi wai kin kira ni a waya na kashe. Na kashe ɗin, Bubu, kuma gobe ma in kin kira kashewa zan yi. Don kin zama 'yar Dhaka har kin manta yadda 'yan fashin ruwa suke yi? In sun kama mutum a daji ba a daɗewa suke bugo waya, su sa shi ya yi magana matarsa ta ji muryarsa, sannan su faɗi abin da suke so. In suka bugo suka tarar ina sauraron labarin tsadar albasa a Dhaka, wa ya san ko za su sake bugowa? Shi ya sa na koma takarda, ki yi haƙuri da rubutuna.

Maigidana Nausher ya shiga dajin bakin teku da jirginsa na ruwa tun kafin a yanke shinkafa, shi da abokin aikinsa Kanai, don su kwaso ƙaguwa daga hannun masu kamu kamar yadda suka saba. Yanzu an yanke, an sussuke, an rufe kamun ƙaguwa, duk wani jirgi ya fito, nasa ne kaɗai bai fito ba. Wasu masunta sun ce sun ji harbi a wani rafi. Wasu sun ce Kawu ne, naman dajin nan mai zane-zane da ba ma kiran sunansa. Na ce musu Kawu yana cin mutum, wannan na sani, amma tunda uwata ta haife ni ban ji ya haɗiye jirgi da inji ba. Maƙwabcinmu Sobhan ya je ya kai wa hukuma rahoto, aka ce a jira.

Ni kuwa ina riƙe da duk abin da aka ce matar mai shiga daji ta riƙe. Ban shafa mai a ka ba, ban taje ba, ban taɓa sabulu ba, ba na hura wuta da rana, ba na rufe ƙofa, ban ƙetare kogi ba. A da 'yan kwanaki ne, ya dawo in wanke kaina. Yanzu gashina ya dunƙule, har 'yata Tuni tana gudun in rungume ta, wai uwarta tana warin kwandon kifi. Ga Ma, uwar mijin nawa, idon ya tafi amma kunnen ya fi na kyanwa. Ko cokali na taɓa sai ta ce amarya me ake ɗorawa da ranar Allah. 'Yata ta kusa shiga makaranta, har yau ni amarya ce a bakinta. A wajenta, muddin ban karya ko ɗaya ba, ɗanta yana da rai. Wani lokaci kamar in ɗauki mataji in taje a gabanta don haushi, sai kuma in ji tsoro. In na taje ya mutu fa?

Ba na roƙon Allah abu mai yawa yanzu. In san yana raye ko ba ya raye, shi ke nan. Na gaji, Bubu, gajiyar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Ki gaishe da maigida da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Morjina

Gabura, ƙarshen watan Poush

Bubu Ambiya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Saƙonki ya zo, man kwakwa da sabulu mai ƙamshi. Kai, Bubu! Ko dai ba ki karanta wasiƙar ba, ko kuwa neman magana kike yi. Na ɓoye su a ƙasan akwati kafin hancin Ma ya gano su.

An ga jirgin. Sobhan ya kai jatan lande wani otal na masu yawon buɗe ido a ƙetare, wajen Munshiganj, sai ya gan shi ɗaure a bakin ruwa. Ya ce da farko dariya ya yi, don an mai da shi abin wasa. An shafe shi da baƙin fenti, an kafa masa doguwar sanda, an rataya baƙar tuta mai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Wai jirgin 'yan fashi ne irin na talabijin, 'yan birni suna shiga ana zagawa da su ana ɗaukar hoto. Sai da ya matsa ya ga facin nan na gefen hagu, wanda shi da Nausher suka buga da hannunsu bayan guguwar bara, sannan dariyar ta tsaya. Ya tambayi masu otal, suka ce saye suka yi, suka kore shi.

Matan unguwa sun cika gidan nan jiya suna yi mana barka. Ma har da cin shinkafa kwano guda, wai jirgi ya fito, saura mai shi. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye miki ba. Wanda ya sayar da jirgi ya san inda ya samo shi, wanda ya ba shi kuma ya san inda mijina yake.

Sai dai Sobhan ya ce ba zai koma ba, yana tsoron su daina sayen kayansa. Sauran maza kowa ya sunkuyar da kai. Saura ni, ni kuma an ce in na ƙetare kogi na yanke masa hanyar dawowa. Na gwada yi wa Ma maganar a hankali, ta ce in na sa ƙafa a jirgin fito, jinin ɗanta yana wuyana. To in zauna kaina yana ruɓewa, amsa tana ƙetare ina hango fitilunta?

Zan je. Zan ce mata ɗebo ruwan sha zan yi a tafkin gabas. Kada ki aiko mini da nasiha, kafin ta iso na riga na tafi.

Taki,
Morjina

Gabura, watan Magh

Yayata Bubu Ambiya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gidanki duka. Tuni tana gaishe ki, ta yi mura amma da sauƙi. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta.

Na je. Na lulluɓe kaina har hanci na shiga jirgin fito. Otal ɗin ba shi da wuyar ganewa, kiɗa ne yake kai mutum. Ina isa bakin ruwa jirgin yana dawowa daga yawo, tun ban gan shi ba na ji injin. Kin san kowace mace a nan ta san kukan injin mijinta. Na Nausher yana yi yana shaƙewa kamar tsoho mai tari. Na zauna a kan laka.

Bubu, da kin ga abin da suka yi masa. Sun ɗaga bayansa sun yi masa wani ɗan bene da roba mai kama da katako, sun jera fitilu masu launi, sun liƙa bindigogin ƙarya a gefe. Inda Nausher yake ajiye tukunyarsa nan suka sa lasifika. Wasu 'yan Dhaka suka fito suna dariya, maza da mata, kowa da baƙin ƙyalle a ido ɗaya. Wata ta ɗora wa mijinta takobin katako a wuya, shi kuma ya durƙusa yana roƙon a bar shi da rai, ana ɗaukarsu hoto. Ban taɓa jin ina son in mari baƙuwa ba sai ranar. Yaushe suka taɓa ganin ɗan fashi da tuta? Namu lungi, zanen nan na maza, suke ɗaurawa kamar kowa, sallama ma suke yi kafin su ɗaga bindiga.

Na sami mai kula da wurin, wani mai tumbi da ƙamshin turare. Ya ji warin kaina ya ja da baya. Ya ce a hannun dillali suka saya, bai san sunansa ba, komai bisa ƙa'ida, in ina da ƙara in je kotu. Na ce masa kotun ubansa. Ya shige ciki ya bar ni ina ta zagi ni kaɗai.

Sai matuƙin jirgin ya sauko. An sa masa jar riga da wata hula mai faɗi, an zana masa tabo a kumatu. Da ya cire hular sai na gane shi. Jalil ne, Bubu, ɗan fashin gaske, cikin waɗanda suka miƙa bindigoginsu shekarun baya aka yafe musu. Shi ne ya taɓa riƙe Nausher lokacin ina goyon Tuni, har muka sayar da saniya. Yanzu ya tsufa, haƙoransa sun zube, ana biyansa ya yi wa yara gurnani. Na kama masa riga na ce ina mijina. Ya rantse da Alƙur'ani rabonsa da daji tun ranar da ya ajiye bindiga, waɗanda suke ciki yanzu sababbin yara ne marasa kunya, bai san su ba. Na yarda da shi, don ido bai iya haɗawa da ni ba. Na ce to ya taimake ni in sami dillalin, tunda jirgi ya fito ai mai shi ma yana kusa. Ya daɗe yana murza hular a hannu. Sannan ya ce:

"Ƙanwata, lokacin da na saki mijinki, a ƙasa ya dawo ko a jirginsa?"

Na ce a jirginsa.

Ya ce, "Mutumin da za a saki ba a sayar da jirginsa. Da me zai koma aiki ya biya baɗi? Sai wanda ya gama da jirgi ake kai nasa kasuwa."

Na san wannan, Bubu. Duk wanda aka taɓa kamawa a tsibirin nan da jirginsa ya dawo. Mazan da suka sunkuyar da kai sun sani, Sobhan ma ya sani, ba otal yake tsoro ba. Matan da suka zo barka, wa ya san nawa ne cikinsu suka sani suka yi shiru. Ni ce kawai na ƙi bari tunanina ya je wurin. Ban yi kuka ba.

Daga nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa jirgin mijina ne, shi zai mai da ni gida, ba zan biya ɗan fito ba jirginmu yana tsaye. Baƙi sun shiga cin abincin rana, mai tumbi ba ya kusa. Jalil ya kwance igiya. Na zauna a ƙarƙashin baƙar tutar nan ina shafa katako, ko wani abu nasa ya rage. Ba abin da ya rage, sun wanke shi tas. Ina can ina wannan ban yi tunanin injin ba, sai da muka doshi gaɓarmu.

Kafin mu kai, duk Gabura tana kan madatsar ruwa. Sun ji tarin injin tun daga nesa. Mata sun bar wanki, maza sun bar raga, ana ta kiran Nausher ya dawo, Nausher ya dawo. Tuni tana tsalle tana kiran Abba. Na miƙe ina ɗaga hannu ina cewa a'a, su kuwa gani suke murna nake yi. Da muka matso suka ga tuta, suka ga Jalil da jar riga, suka ga ni kaɗai, sai surutun ya riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya.

Ma ba ta ga komai ba. Matar da sai an riƙe ta take zuwa bayan gida, ita ce ta gangaro laka ita kaɗai, hannu a miƙe, tana cewa a matsa mata. Ta shiga ruwa har gwiwa ta dafa jirgin. Ta shafa gefensa ta sami facin. Ta kira sunansa, ta sake kira. Sai na ce, Ma, ni ce. Ta tambayi wa ya tuƙo. Na ce wani ne, masu otal sun saya.

Na jira zagi, na jira ta ce na ƙetare kogi na kashe mata ɗa a gaban jama'a. Wallahi da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ita da ta aurar da ɗa a tsibirin nan, ta binne miji a tsibirin nan, ba ta buƙaci kowa ya fassara mata ba. Ta laluba ta kamo fuskata da hannunta mai laka, ta bi har ta sami ɗan hancin zinariyar da ɗanta ya sa mini ranar aure, wanda ba a cirewa sai miji ya mutu. Ta daɗe kafin ta kwance shi. Ta sa mini a tafin hannu ta rufe.

Ta ce, "Da kin bar ni ban sani ba, Morjina."

Jalil ya juya da jirgin, wai akwai baƙin la'asar. Matar Kanai tana ƙauyen gaba, har yanzu ba wanda ya je ya gaya mata, kuma na san ni za a ce in je.

Ki aiko mini da farin zane na takaba, mara ado, ko na hannu ne. Ki gaishe da maigida da yara. Yanzu kina iya kira, zan ɗauka.

Ƙanwarki,
Morjina