Yarinyar da Na Ɓoye a Sito

Litinin, 3 ga Maris

Hedimasta ya ce mai duba makarantu zai zo ranar Alhamis, kuma ajina zai shiga, aji uku, darasin karatu. Wai ni ce ba zan ba shi kunya ba. Ni kuwa na washe baki, kai ya kumbura. Yara talatin da takwas, kowa yana iya lallaɓa shafi na sha biyu, ban da 'Yar Taga. Haka nake kiranta saboda a gindin taga take zama. Kalma ɗaya sai ta bi ta da yatsa, ta tsaya, ta haɗiye miyau, ta sake farowa. Mutumin kuma an ce da kansa yake nuna wanda zai karanta.

Laraba, 5 ga Maris

Mun maimaita shafin har ya gundure ni. Da aka fita hutun tara, 'Yar Taga ta zo ta ce, "Malama, na iya layi biyu, Babana ne ya riƙe mini littafin." Na ce madalla. Ban ce ta karanta in ji ba. Na riga na san abin da zan yi gobe, kuma ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

To, na yi. Kafin baƙon ya iso na kira ta gefe, na damƙa mata makullin sito. Na ce aiki ne na musamman, ita kaɗai na yarda da ita: ta jera mini tsofaffin littattafai, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kada ta fito sai na aiko. Ta riƙe makullin da hannu biyu, baki har kunne.

Darasi ya tafi sumul. Duk wanda ya nuna sai ya zuba karatu kamar ruwa. Da zai fita ya hango gurbin da babu kowa, ya ce, "Wannan fa?" Na ce ba ta da lafiya. A gaban yara talatin da bakwai na faɗa, waɗanda nake wa faɗa kullum a kan ƙarya.

Yabo ya ɗauke mini hankali, ban tuna da ita ba sai da aka kaɗa ƙararrawar tashi. Na same ta da yanar gizo-gizo a ɗankwali. Ta gama tuni, har ta sake jera su kala-kala, tana jiran aike.

Juma'a, 7 ga Maris

Mamarta ta zo da safe, takanas don godiya. "Malama, jiya ba mu huta ba, wai ita kika zaɓa a duk ajin. Allah ya saka miki." Na ce amin ina kallon ƙasa. Na so ta tsage in shige.

Talata, 11 ga Maris

Yara ba sa riƙe magana, ban san me ya sa na zaci za su riƙe tawa ba. Ina tsaka da rubutu a allo ta ɗaga hannu, ita da ba ta taɓa ɗagawa ba. Ta ce, "Malama, sun ce kin ce ba ni da lafiya. Wane ciwo ne gare ni?" Ba da tsiwa ba, da gaske take tambaya. Na ce ta zauna, ana darasi.

Alli ya karye a hannuna sau biyu.

Litinin, 17 ga Maris

Kwana huɗu ke nan ba ta fito da littafinta daga jaka ba. In na ce a buɗe shafi sai ta ɗora hannu a tebur tana kallon waje. Layi biyun ma ina jin sun tafi. Na gaya wa Yaya a waya, ta ce kowace malama tana yin haka, in daina takura wa kaina. Ban ji sauƙi ba. Ni ce fa na koya wa yarinyar inda za ta riƙa zuwa in an yi baƙo.

Alhamis, 20 ga Maris

Wata baƙuwa ta zo daga ofishin ilimi, babu sanarwa. Tana sallama yarinyar ta miƙe da kanta, ta zo teburina ta miƙo hannu a hankali don kada a gani. Makulli take jira.

Na ce ta koma ta ɗauko littafinta, ita za ta fara mana.

Layi uku, kusan minti biyar. Gumi ya jiƙa mini baya. Wani yaro ya fara dariya, na watsa masa harara. Baƙuwar ta yi ta rubutu, ban san me ta rubuta ba, hedimasta kuma bai amsa gaisuwata ba da za mu tashi.

Ba wani abin kirki na yi ba, wataƙila kasala ce ta hana ni laluben makullin. Da ta kai ƙarshen layin ba ta kalle ni ba. Ta dai bar yatsanta a kan na huɗu, ni kuma ban ce ta zauna ba.