Batirin Inna

Litinin, 2 ga Yuni

An sallamo Inna daga asibiti, amma da injin iska. Likita ya ce huhunta ya gaji, daga yanzu sai da robar nan a hanci, dare da rana. Na ce, likita, injin da me yake aiki? Ya ce da wuta. Na yi dariya, shi ma ya yi, don ya san unguwarmu. Rabonmu da wuta tun kafin a kwantar da ita.

Janareta ba zai yiwu ba, hayaƙi ne ma abin da ake raba ta da shi. Auta, ƙanena da ya tattara ya koma jihar tsallaken gada, shi ya kawo manyan batura biyu da akwatin da ake jona su. Ya ajiye, ya kakkaɓe hannu, sannan ya fito da abin da ke cikinsa: "Yaya, ki bar ni in tafi da ita. Can wuta ko ƙiftawa ba ta yi." Na ce uwata ba kaya ba ce da za a ɗauka a tsallaka da ita. Ya ce ai shi ma uwarsa ce. Inna ta rufe ido kamar mai barci. Na san ba barci take ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Mun tsara. Batir ɗaya yana aiki, ɗaya ina kai shi gidan Auta ya yi caji, in ɗauko da yamma. Dogo mai babur ne zai riƙa kai ni. Ni a baya, batir a cinyata, ya fi ɗan shekara biyar nauyi.

Ba sai an gaya wa mutum ya bar jiharmu ba. Ƙugunka ne zai gaya maka. Daga ƙofar gida har tsakiyar gada rami ne da tsalle, daga nan sai babur ya yi shiru, kwalta sumul. Dogo ya ce shi a daidai wurin yake tuna yana da haƙora. Ban yi dariya ba. Ruwa ɗaya muke sha da mutanen nan, kogi ɗaya, amma kamar ba ƙasa ɗaya ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Rediyo ya karanto jerin jihohi, wadda ta fi wadda. Su can suna kusa da sama, mu sai da na gama kafa hannun riga guda kafin a zo kanmu. Matan da ke jiran ɗinki suka dasa musu. Wata ta ce can malaman makaranta na karɓar albashi kafin wata ya mutu. Wata ta ce ƙanwarta ta haihu can, ko safar hannu ba a ce ta sayo ba. Maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ku je mana, wa ya riƙe ku? Ku biya hayar ɗaki ɗaya ku ga ko za ku ƙara cin nama." Na ji daɗin maganarta fiye da yadda ya kamata.

Inna daga ɗaki ta ce a rage murya, ba ta jin injinta. Ta saba da gurnaninsa har tana lura idan ya canja.

Talata, 10 ga Yuni

Bayana. Wayyo bayana.

Juma'a, 13 ga Yuni

Matar Auta ta ba ni ruwan sanyi daga firji, har da ƙanƙara. Yarinyar ba ta da laifi, abin da ke ba ni haushi ke nan. Da tana da baƙin hali da na samu abin riƙewa. Ta nuna mini ɗakin da suka share, da gado, da soket dab da kan gadon. "Yaya, ko na wata ɗaya ne." Na ce na gani, Allah ya saka.

Na wanke hannu a famfonsu, na tsaya ina kallon ruwan yana zuba har ta leƙo ta ga ko lafiya. Kunya ta kama ni.

Amma fa layin nasu! Na yi wa mutum uku sallama, ɗaya ne ya amsa, shi ma da ka. Kowa ƙofarsa a garƙame. Mai kantin bakin layi ya ce masu haraji sun fi masu saye zuwa wurinsa. Wannan na adana shi don in gaya wa Auta.

Lahadi, 15 ga Yuni

Auta ya zo. "A jiharmu kaza, a jiharmu kaza." Yaron da na goya a wannan tsakar gidan, na share masa majina, yau shi ne mai jiha. Na ce masa jiharku ta iya amsa sallama? Ya ce sallama ba ta cajin batir. Na ce to ɗauki baturanka. Ya ce ba don ni ya kawo ba.

Inna ta cire robar daga hanci ta ce, "Ku biyun nan kun ishe ni." Maganar nan kaɗai ta sa ta tari har na tsorata. Ya tafi bai sha shayin ba, ni ma ban ce ya sha ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Matar mai kemis ta zo ta karɓe yadinta. Ta ce kada in ji haushi, telan tsallake yana da keken wuta, yau ka kai jibi ka karɓa. Rabin yinina a kan babur yake ƙarewa, sauran rabin ina taka keke da ƙafar da ta riga ta mutu. Na naɗe mata abinta da kyau, har na raka ta ƙofa. Da ta fita na zauna na yi kuka kaɗan, ba don yadin ba. Ban san don me ba.

Litinin, 23 ga Yuni

Batir ɗaya ya fara gajiya, ba ya kai yamma. Yau na shigo daga shago na ji ɗakin shiru. Inna zaune, robar a cinyarta, inji a kashe, kafaɗunta na hawa da sauka. Na yi kanta da faɗa. Ta ce, "Rage miki nake yi, 'yar nan. Ki huta da hanyar nan ko yini ɗaya."

Tun yaushe take yin haka? Ta ƙi faɗa. Na kunna, na mayar mata da robar. Na ce in ta sake sai na ɗaure makunnin da zare. Ta ce ai tana da almakashi.

Laraba, 25 ga Yuni

An kawo wuta. Yaran unguwa suka yi ihu. Kafin in jawo waya in jona, an ɗauke.

Asabar, 28 ga Yuni

Ban yi niyyar saurare ba. Na dawo ɗaukar tef ɗin awo na ji Maman 'Yan Biyu a ɗaki tana cewa, "Inna, ki bi yaron nan mana, ki samu iska." Inna ta ce a hankali: "In na tafi ita fa? Tun da mijinta ya rasu ni ce aikinta. Wa za ta yi wa faɗa?"

Na koma shago a kan yatsun ƙafa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake cewa kowa Inna ba za ta iya zaman can ba, ta saba da nan, ga mutanenta, ga ƙofarta da ba a rufewa. Ashe ita ma abin da take gaya wa mutane ke nan a kaina.

Ba gaskiya ba ne ma. Ina da ɗinki. Ina da... to, ina da ɗinki.

Laraba, 2 ga Yuli

Jiya ban iya rubutu ba.

Da rana aka tsuge da ruwa. Na bar wa Inna batirin da ya gaji, na tafi ɗauko mai kyau, na ce wa Maman 'Yan Biyu ta zauna da ita. A dawowa, muna sauka daga gada, hanya ta zama kogi. Babur ya shiga rami ya kwanta da mu. Ni ban ji ciwon gwiwata ba sai yau. Batir na cikin taɓo, na ciro shi na rungume, Dogo na jan babur yana tsine wa duk wanda ya taɓa cin kuɗin hanyar nan. Da ƙafa muka ƙarasa.

Na tarar da ɗaki cike da mata, wannan na fifita, wannan na addu'a, inji ya daɗe da mutuwa. Leɓen Inna ya yi baƙi. Na jona wanda na kawo, ko motsi. Ruwa ya shige shi.

Na kira asibitinmu, suka ce motar ba ta da mai. Na kira Auta. Ban san me na ce ba, shi dai ya ce, "Ku taho gada, Yaya, ku taho gada." Motar asibitinsu ta zo da tukunyar iska, amma direba ya ce dokarsu ba ta bar shi ya wuce iyakar jiha ba. Ya tsaya daidai inda kwalta ta ƙare, fitila na juyawa.

Mazan unguwa ne suka ɗauke ta a kan ƙyauren shagona, suka ɓalle shi daga jikin bango. Mai wanki, mai faci, Dogo da ƙafarsa da ya ji wa ciwo a faɗuwar, da wasu da ban ma gane ba. Wani ya lulluɓe ta da ledar rumfarsa. Suna tafe cikin ruwa har gwiwa, ni ina gefe riƙe da hannunta ina ce mata mun kusa, alhali ba mu kusa ba. Da aka sa mata abin a fuska ta ja numfashi ɗaya mai tsawo. Na zauna a kan kwaltar mutane.

Auta bai ce ai na gaya miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 4 ga Yuli

Ta farfaɗo. Likitar can ta tambayi inda za a kai ta in an sallame ta. Auta ya kalle ni. Na ce gidansa. Ni na faɗa, da bakina.

Litinin, 7 ga Yuli

Na dawo gida. Mai faci ya mayar mini da ƙyaure, ya ƙi karɓar komai. Ɗakin Inna na warin man zafi. Na yi barci tun magariba har rana ta fito, ban farka sauraron inji ba ko sau ɗaya. Na tashi jikina garau, sai na ji kamar na yi sata.

Na dafa abinci na mutum biyu. Mantuwa.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na je. Leɓenta ya dawo, har kumatu ta fara yi. Inji na ta gurnani ba mai kallon sa. Amma Auta na wurin aiki, matarsa na wurin aiki, sun kulle ƙofa ta waje sun bar mini makulli wurin mai kanti. Na same ta ita da talabijin, ana wasan ƙwallo. Ta ce tun safe take kallon yaran nan suna gudu, ba ta san yadda ake canjawa ba.

Ta tambayi kowa. 'Yan biyu sun daina zawo? Ƙafar Dogo fa? Na ce, Inna, nan ko can? Ta ce, "Nan akwai iska. Can akwai mutane. Ke kuma kin rame."

Lahadi, 13 ga Yuli

Maman 'Yan Biyu ta je dubiya. Ta dawo ba ta da zance sai famfo. Har ita!

Laraba, 23 ga Yuli

Kwana nawa ke nan ina nan gidan Auta, ban ƙirga ba. Na zo ne in yi yini. Na taho da ɗinkin hannu, ina yi a bakin gadonta, tana gaya mini na karkace kalmasa, ina ce mata idonta ne ya karkace. Jiya ta yi dariya ba ta yi tari ba.

Har yanzu mutanen layin ba sa amsa sallama. Na dai ci gaba da yi, matar gidan da ke kallon namu ta fara ɗaga hannu. Yau ma ta tambaya ko ni ce mai ɗinkin.

Akwai wani ɗan shago a bakin layi, kusa da mai kanti, a rufe. Ƙarami ne, kuma na san hayar ba ta hankali ba ce. Ban tambaya ba, ba ni da niyya. Wucewa kawai nake, tef na wuyana, sai na auna ƙofar.

Keken ɗinkina zai shiga in an kwance ƙafarsa.

Kada wanda ya gaya wa Auta.