Dabinon Damagaram da Kika Sayo a Maigatari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma da fatan Allah ya kai haske makwancinki, na zo miki da labari. Asirin da kika rufe shekara tara ya tonu, kuma Yaya Asabe ce ta tona shi da bakinta.

Kin tuna lokacin da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama ta bayan haihuwar Sadiya, ta daina barci, ta daina gane mu? Wata huɗu tana asibiti, ke kuwa kina gaya wa matan Ɗanzomo ta tafi Damagaram wankan jego wurin Gwaggo. Tsoronki ɗaya, kar a riƙa nuna ta da baki, ita da 'ya'yanta. Da aka sallamo ta, har Maigatari kika je kika sayo dabino da cuku, na bi gida-gida ina rabon tsarabar Damagaram.

To, yanzu akwai wani wasan kwaikwayo a talabijin kan masu wannan lalura da zamansu a asibiti. Tunda muka sa sola, duk Asabar bayan la'asar mata ke cika tsakar gidanmu, ana ɓarar zoɓo ana kallo. Ni dai ba kallo nake ba, fuskar Yaya nake gadi.

Makon jiya aka nuna nas ta miƙa wa wata ƙwayar magani ta juya abinta. Sai Yaya ta ajiye zoɓonta ta ce mai wasan nan bai taɓa kwana a can ba. Wai su a ɗakinsu sai an haɗiye an buɗe baki nas ta leƙa ƙarƙashin harshe. Ta ce kuma an manta da kitson ranar Juma'a, da rigimar wa ta sa silifas ɗin wa. Nan take na shiga laluben ƙaryar da zan ɗora kan taki.

Baba Talatu maƙwabciyarmu ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai mun sani, 'yar nan. Dabinon ma a rumfar maigidana da ke kasuwar Maigatari Innarku ta saya, har ragi ya yi mata."

Aka bushe da dariya, Yaya ta fi kowa. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Ashe sun karɓa, sun ci, sun yi mata barka da dawowa daga Damagaram, kuma duk shekarun nan babu wadda ta kunyata ki.

Yaya lafiya ƙalau, tana shan maganinta kan lokaci. Yanzu ba a fara kallo sai ta zauna, don ita ke gyara wa 'yan wasan kuskure. Jibi ma za ta raka surukar Baba Talatu ganin likita, kuma babu wanda zai sayo dabino.

Ina kewarki sosai, Inna. Allah ya jiƙanki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mana, ya saka wa matan nan da suka rufa miki naki. Amin.

'Yarki mai rabon tsaraba,
Hauwa