Azurfar Inna, Kashi Biyu

Asabar, 5 ga Oktoba

Ƙanwata Uwani ta zo daga Gyadi-Gyadi, tana lalube da ƙafa saboda yanar idonta. Ta kawo nata kason na tsofaffin kuɗin azurfa da Inna ta bar mana: sulalla, fataka, da manyan riyal masu hoton mace. Za ta sayar a yi mata aikin ido. Ta ce in adana mata kafin Talata, ranar da Alhaji Ashiru mai tara tsofaffin kuɗi zai zo ya duba.

Adanawa kawai ta ce.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na buɗe kwallar da ta kawo su a ciki na tarar duk sun yi baƙi. Na ji kunyar a nuna wa baƙo kayan gidanmu a haka. Na dirje su da toka da lemon tsami, kamar yadda Inna take yi wa awarwaronta kafin Sallah. Sun fito fes. Na ji daɗin aikina fiye da yadda ya kamata.

Talata, 8 ga Oktoba

Alhaji Ashiru ya ɗaga riyal ɗaya zuwa haske, ya jujjuya shi. "Hajiya, wa ya yi wannan aika-aikar?" Wai baƙin nan shi ne shaidar shekaru, shi masu tarawa suke nema. Wanda aka dirje kuwa sai dai maƙera su saya a kan sikeli, kuma ba zai kai kuɗin aikin ba.

Uwani ta yi dariya. "Yayata ce, Alhaji. Ko kaza ta shigo gidanta sai ta yi alwala."

Ya tambaya ko akwai wasu. Na fito da nawa, waɗanda ban taɓa waiwaya ba tun rabon gado. Ya jera kashi biyun a tabarma. Na Uwani sun fi yawa, sun fi nauyi. Nawa sun fi baƙi, kuma babu mai huji. Nawa yake so.

Na ce ba na sayarwa ba ne. Na Umra ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Shin tsafta ce ta sa ni, ko son a yaba? Kuma Umrar nan, yaushe na ƙulla niyyarta? Kafin ya faɗi darajarsu, ko bayan ya faɗa?

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na zuba nawa a kwallar Uwani na kai mata, ban yi bayani ba. Ta sa hannu, ta shafa, ta kai hanci.

"Yaya, waɗannan ba sa ƙamshin lemo."

Na ce hancinta ma ya tsufa. Ta riƙe hannuna ta ƙi saki har aka kira la'asar.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An cire mata bandeji, tana gani, alhamdu lillahi. Abin da ta fara nema shi ne in kawo mata waɗanda na dirje ta kalla. Ta ce haka suke walƙiya a hannun Inna. Ta ɗauki sule ɗaya ta ba maƙeri, jiya ta aiko mini da zobe.

Ni ba mai ado ba ce, kowa ya sani. Na dai gwada ne don in ga ko maƙerin ya iya aiki.

Ban cire ba tukuna.